Marsandin Mushe

A ƙarshen bakansin 2018 na sayi Marsandi. Ina koyar da lissafi a wani kolej na gwamnati nan Maraɗi, kuma a lokacin na yi shekara 16 ina riƙe da alli. Duk tsawon shekarun nan bisa babur nake zuwa aiki, wani tsohon Kasea wanda ɗalibai suke gane ƙararsa tun ina kwanar lakwal. Da damina in isa aji da taɓo har gwiwar wando, da hunturu in isa da farin gashin ido kamar wanda ya kwana a wurin niƙa. Ban taɓa kokawa ba, amma abin yana ci mini rai, musamman ranar da wani tsohon ɗalibina, wanda da ƙyar ya iya raba goma gida biyu, ya tsaya gefena da mota mai sanyi, ya sauke gilashi ya ce, "Mushe, har yanzu?" Da ladabi ya faɗa, har ya ba ni goro. Ni kuwa na kai maganar gida na kwana da ita.

Motar ta wani Alhaji ce a unguwar Zariya, shi ya shigo da ita ta Kwatano shekaru da dama kafin nan, ya more ta, ya sayi wata ya ajiye ta ƙarƙashin rumfa. Mercedes E 220 ce ƙirar 1994, irin waɗanda maƙera suka sa wa lamba W124, waɗanda ƴan uwanmu na Katsina da Kano suke kira V-Boot saboda yadda murfin bayanta ya tsuke. Launin toka gare ta, kujerun fata, ga katako mai sheƙi a gaban direba, ga tauraron nan tsaye bisa hanci. Da na rufe ƙofarta na ji wani nauyi da ban taɓa ji a ƙofar mota ba. Alhaji ya ce miliyan 2, muka daidaita bisa 1,800,000. Na haɗa ajiyar shekara huɗu, na sayar da babur da wani ɗan fili da na gada a ƙauye, na biya.

Maiɗakina ba ta hana ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, me ya sa ta fi ƙaramar Toyota araha, alhali ta fi ta girma?" Na yi mata bayani irin na malamai, mai tsawo, wanda babu amsa a cikinsa. Sai daga baya na gane cewa tambayarta ita ce duk karatun. Tsohuwar motar alfarma tana araha ne domin masu kuɗin riƙe ta sun wuce wurin, masu sonta kuma ba su da kuɗin riƙe ta. Farashinta na sauka kowace shekara, amma kayan gyaranta suna nan a matsayin kayan motar manya. Ka saye ta da kuɗin talaka, ka ciyar da ita da kuɗin Alhaji.

Kada in yi mata ƙarya, watannin farko na sha daɗi. Ranar rantire da na shiga da ita lakwal, har direkta ya fito ya zagaya ta. Ɗalibai suka sa mata suna Hajiya. Abin da ya fi burge su shi ne abin share gilashinta, hannu ɗaya tak, wanda yake miƙewa ya kai kusurwa ya dawo, sai su roƙe ni in kunna ko babu ruwan sama. A hanyar Zinder, kilomita wajen 240, takan kwanta bisa kwalta kamar an ɗora mata dutse, manyan motoci su wuce ba ta ko girgiza. A wurin ɗaurin aure aka fara matsa mini tabarmar gaba. Ban ƙara ilimi ba, ban ƙara albashi ba, amma gaisuwar da ake mini ta ƙara tsawo.

Irin wannan mota an ƙera ta da gaske. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1995 aka yi ta fitar da ita a Jamus, kuma can ɗin direbobin tasi sun yi ta aiki da ita har ta ci dubban ɗaruruwan kilomita. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 2.2, da sarƙa yake tafiya ba da bel ba, kuma in ana canza masa mai bisa lokaci ba ya saurin gajiya. Sai dai wanda ya zana ta bai zana ta domin rairayin Maraɗi da zafin watan Afrilu ba. Ƙasa take sosai, in na bar kwalta na shiga lungun unguwarmu sai cikinta ya riƙa shafar yashi, sau biyu yaran unguwa suna turo ni. Kowace tayar baya hannuwa biyar ke riƙe da ita, kowane hannu da robobinsa. Wannan ne sirrin laushin tafiyarta, shi ne kuma abin da hanyar jar ƙasa take fara ci. Ranar da makanikina ya kwance bayan ya jera mini robobin a ƙasa, na ƙirga su na ce masa ko duka ne suka mutu. Ya ce, "Mushe, tare aka haife su."

Haka na shiga makarantar da ban yi rajista ba. Na koyi cewa wuyan lagiretonta na roba ne, in ya tsufa yakan tsage ba sallama, kuma ruwan famfo da muke ɗura mata yana barin ƙasa-ƙasa a ciki har hanyoyin ruwa su toshe. Na koyi cewa matatar iska da littafin motar ya ce ta daɗe, a hunturunmu wata biyu ya ishe ta cika da ƙura. Na koyi cewa kusan lita 6 na mai take sha a kowane bidanji, kuma man da ake aunawa a kwalba bakin hanya arahar banza ce. Na koyi karanta hayaƙi: shuɗi mai ne yake ƙonewa, fari mai kauri ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba, baƙi kuwa esansi ne ya yi yawa. Na koyi duba lambobi huɗu da ke jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, bayan da na sayi taya mai kyan zane wadda ta girmi autana, ta fashe mini kusa da Gidan Rumji. Kayan gyara kuwa yawanci daga Kano ake kawo mana, daga kasuwar Ƙofar Ruwa, waɗanda aka kwance daga wasu motocin. Da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta 2019, har zuwa Disamba 2020, abin da ake samu cikin kwana uku ya koma sai an jira mako uku, kuɗinsa kuma ya ƙaru.

Duk wannan ina jurewa, ina rubuta kowane kashe kuɗi a bayan ajandata, domin hannun malamin lissafi ba ya zama. Rubutawa kawai nake yi. Ban taɓa tarawa ba, kuma yanzu na san da gangan nake ƙin tarawa.

A watan Nuwamba 2021 muna dawowa daga ta'aziyya a Tasawa, ni da abokan aiki uku, motar ta fara shaƙewa, ta yi tari, ta mutu. Muka kwana biyu tana can kafin a jawo ta. Da makaniki ya buɗe kapo ya yaye baƙar rigar da ta lulluɓe wayoyin inji, sai ya ce in taɓa. Na taɓa, robar da ke jikin wayoyin ta marmashe a yatsana kamar busasshen ƙuli-ƙuli, ga jan ƙarfe tsirara yana taɓa juna. Ashe wannan sananniyar cuta ce ta Marsandin farkon shekarun 1990. A lokacin kamfanin ya yi amfani da wata irin roba da aka yi domin ta ruɓe da sauƙi bayan an jefar da mota, sai ta riƙa ruɓewa tun motar na bisa hanya, zafin inji kuma yana gaggauta abin. Wayoyin da suka haɗu sun ƙone kwamfutar injin, wadda makanikai suke kira ƙwaƙwalwa. Sabunta wayoyi da samo wata ƙwaƙwalwar daga Kano, jikka 170.

Jikka 50 ke hannuna. A cikin akwatin ɗakinmu kuwa akwai wata ambulan mai jikka 120, kuɗin kashi na biyu na makarantar babbar ɗiyata, wadda take aji na biyu a wata lise mai zaman kanta. Rabin kuɗin nan daga adashen uwarta ya fito, na ƙosai da kunun da take sayarwa da safe a ƙofar gida. Na ce wa kaina aro ne, albashi na zuwa, akwai kuma kuɗin darasin yamma da wasu iyaye suke bina. Na ɗauka ban gaya wa kowa ba.

Albashi ya zo ya tarar da bashin mai shago da kuɗin wuta da na ruwa. Iyayen da nake bi suka ce in ƙara haƙuri. Ranar wata Litinin, ina tsakiyar darasi, aka ce ana sallama da ni a bakin ƙofa. Ɗiyata ce tsaye da jakarta. Surbeyan ya shiga ajinsu ya karanta sunayen waɗanda ba su biya ba, ya ce su fita sai sun kawo. Ba ta je gida ba, wurina ta zo, a ƙasa, tafiyar kusan awa ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, sun ce ba a biya ba. Na ce musu kuskure ne, na ga Inna ta sa kuɗin a ambulan." Tana maganar, Hajiya tana fake ƙarƙashin dogon yaro a bayanta, an wanke ta da safe, tana ƙyalli.

Ban ga laifin makarantar ba, su ma albashin malamansu suke nema. Ni da kaina na sha tsayawa gaban iyaye a taro ina cewa karatun yaro shi ne gaba da kome, ina faɗa wa uban da ya sayi sabuwar waya bai sayi littafi ba. Na nemi izini, na sa ta a mota na kai ta gida. Tafiyar nan ba wanda ya ce uffan. Da muka shiga, uwarta ta dube ta, ta dube ni, ta shiga ɗaki ta buɗe akwati. Da ta fito ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, da ka tambaye ni, wataƙila da na ba ka. Amma ka bar yarinya ta je ta rantse wa mutane bisa abin da babu." Washegari ta sayar da tunkiyarta da take kiwo domin layya, aka biya, yarinya ta koma aji bayan kwana biyu.

A daren nan na ɗauko ajanda na yi abin da na shekara uku ina gudu. Daga baya, da shekarar ta cika, na ƙarasa lissafin, ga abin da 2021 ta nuna. Esansi 290,000, kuma wannan da man ruwa-ruwa ne na bakin hanya, wanda a lokacin ya fi na gidan mai araha sosai. Bidanji da matatu 60,000. Takardu, wato lasiransi da binyet da biziti, 85,000. Tayu 50,000. Gyara 315,000. Jimla 800,000 cif, bisa tafiyar kilomita wajen 7,000. Kowace kilomita ta ci mini sefa 114, kowane wata kusan jikka 67, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na albashina. Abin da na kashe wa mota a shekarar ya fi abin da na kashe wa karatun yarana huɗu a haɗe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ni ban taɓa tara kwano a ƙasa in ga yawan abin da ke zuba ba.

Na yi niyyar sayar da ita. Dillalai suka zo, wanda ya fi tayawa ya ce 900,000, rabin abin da na saya, bayan duk abin da na zuba mata. Ina cikin shawara sai maiɗakina, wadda na zaci ita za ta fi kowa murna, ta ce in dakata. Ta tuna mini daren da matar maƙwabcinmu ta kama naƙuda da ƙarfe biyu, babu adaidaita babu kabu-kabu, motar nan ce ta kai ta asibiti, aka yi mata aiki aka ceto ta da jaririn. Ta tuna mini watannin da tsohuwata take jinyar ƙafa, kowane mako sai an kai ta an dawo da ita, a kwance bisa kujerar baya, abin da babur ba zai yi ba. Ta ce, "Motar ba ta ɗauki ambulan ba, Malam." Na yi shiru, domin gaskiya ta faɗa.

Abin da muka yanke a zaune, mu biyu, shi ne wannan. Na sake sayen babur na hannu, shi ne na zuwa aiki kullum. Hajiya tana fita ne domin tafiyar iyali, ko rashin lafiya, ko hanya mai nisa, sai kuma ranar Juma'a in zagaya da ita domin kada batir ya mutu, robobi su bushe. Kowane wata, bayan an fitar da abinci da kuɗin makaranta, jikka 20 suke shiga wata ambulan ta daban mai sunan mota. In ta lalace kuma ambulan ɗinta ba ta kai ba, sai ta zauna ƙarƙashin rumfa har ta kai. Ta taɓa zama wata uku saboda famfon mai, ba abin da ya same mu. Ambulan ɗin makaranta kuwa ta koma hannun uwar yara, ban ma san inda take ajiye ta ba. Tunkiya na biya ta kafin sallar layya ta zagayo.

Wannan tsari ne ya cece mu da abubuwa suka juya. A ƙarshen watan Mayu 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, ruwa-ruwa ya daina zama araha, muka koma layin gidan mai bisa sefa 540 lita ɗaya, man da ake tacewa a matatar SORAZ ta Zinder. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage shi zuwa 499. Ko da wannan ragin, tankinta mai lita 70 sai an ba shi 34,930 kafin ya cika, kuma a cikin gari lita 12 take sha a kilomita 100, in an kunna sanyi ta wuce haka. Bayan Yuli 2023 kuma hanyar Kwatano ta Gaya ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kome na mota ya ƙara tsada. Da har yanzu da ita nake zuwa aiki kullum, da ban san ambulan nawa zan buɗe ba.

Abokan aiki matasa sukan zo mini da hoton wata tsohuwar Marsandi ko BMW ko Lexus a waya, su ce Mushe duba mini, araha ce. Ba na hana kowa, ni ma ba a hana ni ba. Abin da nake ce musu shi ne su tafi da makanikinsu, wanda ba abokin dillali ba, su je da sassafe su tayar da injin yana sanyi, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Su dubi hayaƙi, su leƙa ƙasa su ga ko tana ɗiga, su gwada lambar shasi da ta kartigiri, su tabbatar takardun duwan sun cika. Su tambaya ko akwai mai gyaran irinta a garinsu, da inda ake samun kayanta, domin waɗanda suka biyo bayan tawa sun fi ta yawan kwamfuta, ciwonsu sai da na'ura ake gane shi. In kuɗin da ke hannunsu daidai farashin motar ne, to ba su da kuɗin motar tukuna, sai sun ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin uku a gefe domin shekarar farko. Daga nan sai in ce su kawo takarda mu yi lissafin wata goma sha biyu tare, mu ɗora shi kusa da kuɗin makarantar yaransu. Yawanci a nan hirar take canzawa.

Lissafin nan na 2021 ya zama darasi a ajina. Kowace shekara nakan rubuta shi a allo wa ƴan ajin birebe, ba tare da na ce nawa ne ba: wani mutum yana da mota, ga abin da ya kashe, ga nisan da ya yi, ku fitar da kuɗin kilomita ɗaya, ku fitar da kason albashinsa. Sukan yi shi da sauri fiye da lissafin littafi. Bara wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, mutumin nan yana da yara?" Na ce yana da huɗu. Ta ce to ai bai kamata ya riƙe motar ba. Wani yaro ya ce in babu motar wa zai kai mara lafiya asibiti da dare. Suka yi ta gardama har aka buga ƙararrawa, na bar su, domin gardamar da aka yi a gidana ce suke maimaitawa.

Iyaye, abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan labari shi ne maganar ɗiyata a bakin ƙofar aji, cewa ta gaya musu kuskure ne. Ta tsaya gaban mutane ta kare ni da gaskiyar da ta sani, ni kuwa na riga na zare gaskiyar daga ƙarƙashinta. Yara suna ganin inda kuɗin gida yake tafiya ko ba a gaya musu ba. Suna ganin sabon dinki da sabuwar waya da ragon suna, suna kuma jin "sai wata ya ƙare" in sun kawo takardar makaranta. Na ɗauki lokaci kafin na iya zaunar da ita na ce mata ni na ɗauki kuɗin, kuma na yi kuskure. Ta ce ta sani tun ranar, da ta ga motar ta tashi.

Yanzu tana karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maraɗi. A bakansin da ya wuce ta ce in koya mata tuƙi. Muka fita da Hajiya bayan la'asar zuwa wani fili a hanyar Madarunfa, ta zauna bayan sitiyari, ta gyara madubi. Kafin ta murɗa makulli sai ta juyo ta ce, "Baba, ambulan ɗinta akwai kuɗin mai, ko mu bari sai wata ya ƙare?" Na ce akwai, na duba da safe. Ta tayar da ita.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke bisa kanmu, ya yi wa yaranmu albarka.